Ruwan Baƙuwa a Rugar Badaru

Munawwara ta fara ganin tabon ne ranar da aka kai 'yarta yaye. Ita ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin ruwa na wani ofishin gwamnati a Birnin Kudu, mijinta Ismail kuma malamin sakandare ne. Mahaifarsa Rugar Badaru, wani ɗan ƙauye a mazaɓar Maruta ta Gwaram, inda danginsa suka daɗe da zama wuri guda suna noma da kiwo. Fulatanci ya ɓace a bakinsu, amma kunyar tana nan. A gidan, 'yar fari ta kakarta ce. Da zarar an yaye ta, can za ta zauna har ta isa shiga makaranta. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban surukai, ba ta tambaya ko ta ci abinci.

Da suka isa, Munawwara ta durƙusa daga bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Surukarta, Inna Hapsatu, ta miƙo hannu biyu ta karɓi Tani daga wurin Ismail. Da yake kan Munawwara a ƙasa yake, hannuwan kawai ta gani. Tafin cike yake da ƙananan ƙulli masu tauri, kamar ƙwayar gero ta shige ƙarƙashin fata. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu akwai ɗigo-ɗigo, wani baƙi wani fari. Da Hambali, yayan Ismail, ya shigo ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ta ga irin ƙullin a tafin ƙafarsa.

A mota, bayan sun hau kwalta, ta yi magana.

"Ka lura da hannun Inna?"

"Kanta ce," in ji Ismail. "Mutanen da suka tashi da fartanya."

"Inna ta ajiye fartanya tun kafin aurenmu. Wane ruwa suke sha?"

"Na Yaya mana."

Bayan rasuwar mahaifinsu Badaru, Hambali ya sayar da bijimai ya haƙa rijiyar burtsatse, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa, sadaka ga mamacin. An rubuta sunan tsohon a jikin simintin. Tun daga lokacin gidan bai sake shan wani ruwa ba.

Kafin su taso, Ismail ya cika galan a famfon saboda lagireton motar. Da suka iso Birnin Kudu, ragowar ruwan ta rikiɗe ta yi ja-ja. Washegari Munawwara ta kai shi ofis ta gwada da 'yar takardar gwajin arsenik, gubar da kan fito daga cikin dutse ta shiga ruwan ƙasa, ba wari ba ɗanɗano. Takardar ta sauya launi, amma ba sosai ba. Ta kai wa shugabanta, Malam Barau.

Ya ɗaga kwalin takardun ya duba gindinsa.

"Waɗannan ai wa'adinsu ya wuce tun bara. Ruwan kuma daga galan ɗin mai. Da wannan kike so in rufe wa mutum sadakar ubansa?"

"Ranka ya daɗe, na ga hannayensu."

"Ni ba likita ba ne, Malama. Kawo min lamba daga na'urar da ba za a yi min gardama a kanta ba. Ta zo ofishin nan kai tsaye, ba ta hannunki ba. Idan ta haura ƙa'ida, ni da kaina zan rubuta Dutse a haƙa musu wata."

Babu irin wannan na'ura a jihar. Amma akwai Prisca, ƙawarta tun firamare, 'yar wani malamin lissafi da aiki ya kawo Birnin Kudu daga Filato. Prisca tana karatun digiri na uku a Jamus, ta zo hutu, kuma arsenik ne aikinta. Munawwara ta same ta a gidan iyayenta tana cin ɗanwake da hannu.

"An ce a can da cokali kuke cin komai."

"Ke dai zauna, 'yar ƙauye. Me ya kawo ki da wannan fuskar?"

Da ta ji bayani, Prisca ta wanke hannu ta ɗauko biro ta yi zane a bayan ambulan. Na'urori biyu ne aka haɗa baki da baki, in ji ta. Ta farko wani bututu ne siriri kamar silin gashi. Ana shigar da ɗigon ruwa, a saki wutar lantarki mai ƙarfi daga wannan baki zuwa wancan, sai abubuwan da ke narke a ruwan su kama tafiya, kowanne da saurinsa, su fito ɗaya bayan ɗaya. Suna fitowa sai su faɗa na'ura ta biyu, wadda ke ƙona su ta auna nauyinsu ta faɗi ko mene ne da kuma yawansa.

"Arsenik na cikin rijiya iri biyu ne," in ji Prisca. "Ɗaya ya fi ɗaya mugunta. A bututun nan ba sa fitowa tare, shi ya sa muke ganin kowanne daban. Zan sa miki naki cikin layina. Amma ruwan ya fito daga bakin famfo ya shiga kwalba. Kada ya kwana, kada ya bi ta tulu."

Suka tafi Rugar Badaru ana gobe Prisca za ta wuce Kano ta hau jirgi. Ta zo da 'yan kwalabe shida, da asid na hana ruwan sauyawa a wata 'yar roba, da kula mai ƙanƙara. Ismail ya aika tun da wuri cewa yana tafe da baƙuwa daga Turai.

A hanya ya gindaya sharaɗi.

"Ba zan tsaya a bakin famfon Yaya da kwalabe ba, mutane suna kallo. Daidai yake da in ce ya shayar da su guba. Zan yi wa Inna magana a ɗaki."

Aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin Inna, aka kawo fura da nono. Tani tana tsakar gida tana bin wata akuya, ta yi ƙiba. Munawwara ba ta kalle ta ba sai ta gefen ido. Prisca ta miƙe da kwalaben ta ce za ta leƙa famfo.

Inna ta yi dariya har da tafa hannu.

"Daga Jamus ki zo gidana ki tuƙa famfo? Ina mutanen gidan suka tafi? Zauna, 'yar nan. Ba ni kwalaben nan."

Munawwara ba ta yi wa Inna magana kai tsaye sai gaisuwa. Ta juya wajen Ismail ta ce a hankali, "Ka ce daga bakin famfo."

"Inna, ruwan famfon ake so," in ji Ismail.

"To na ina zan ba su? Akwai wani ruwa a gidan nan?"

Ta fita. Ba ta jima ba ta dawo da kwalaben a cikin faifai, cike, ruwan garai-garai. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin ruwan famfon haka yake fitowa, sai ya zauna yake yin ja. Prisca ta ɗiga asid a huɗu, ta rufe, ta sa a ƙanƙara. Biyun ta zubar ta ɗauraye ta ba Munawwara tare da ragowar asid ɗin, ta ce ta ajiye ko za su yi amfani.

Sakamakon ya iso ofis ta na'urar fakis bayan damina ta yi nisa. Akwai arsenik, amma ƙasa da ƙa'ida. Malam Barau ya kira ta ya miƙa mata.

"Alhamdu lillahi. Kin ga da mun ɓata da mutane a banza."

Ya sa hannu, ya haɗa da rahoton wata ya aika Dutse. Ismail ya yi kwafi ya kai wa Hambali da kansa. Ranar Juma'a, bayan an sallame, Hambali ya tashi ya ɗaga takardar ya ce an kai ruwan Baba har ƙasar Jamus an auna, an ce lafiya lau. A da, rugagen da ke kusa suna guje wa famfon saboda jan da ruwan ke yi. Daga wannan makon suka fara zuwa. Hedimastan firamare ma ya ce yara su daina zuwa rafi, su riƙa ɗebowa a nan.

Prisca ta bugo waya wata ranar Asabar da hantsi. Munawwara tana wanki, ta ɗauka da hannu mai kumfa.

"Ke, tsaya in tambaye ki. Tsohuwar nan, kin ga inda ta cika kwalaben?"

"Muna tare ai. A ɗaki muke."

"Na yi gaggawar aiko muku da arsenik saboda na san kina jira. Jiya na sami na'urar babu kowa, na sa ragowar in duba sauran abubuwa. Kin ce ruwan yana yin ja idan ya zauna, ko? To ya kamata in ga ƙarfe da yawa. Babu. Sai alminiyam, kamar an zuba da cokali. Kuma cikin arsenik biyun, ɗaya ne kawai ya fito, mugun, ɗan kaɗan. Ɗayan an share shi. Rijiya ba ta yin haka, Munawwara. An sa wa ruwan nan alif, kuma ya kwana."

Munawwara ta zauna a bakin baho. Ta tuna randar da ke ƙuryar ɗakin Inna, wadda ake rufewa da faifai. Ta tuna duk zuwan da ta yi gidan, ruwan da ake kawo mata bai taɓa yin ja ba, kuma yana da ɗan bauri a harshe. Idan za a yi baƙo, Inna takan sa a cika randar tun jiya, ta kaɗa farin dutsen alif a ciki, laka ta kwanta, a ɗebi na sama. Mutanen gida kuwa daga tulu suke sha, yadda ya fito.

"Ruwan baƙo ta ba mu," in ji ta.

"Ruwan da zai je Turai da sunan mijinta. Ni ma da haka zan yi." Prisca ta faɗi haka, sannan ta ƙara da cewa, "Abin da na auna ragowa ce. Ban san nawa ne a famfon ba. Zai iya ninka wannan sau da yawa."

"Alif ɗin yana cirewa ke nan?"

"Yana ragewa. Ba ya cire duka, kuma mugun ne ya fi tsallakewa. Kada ki ɗauke shi magani."

"In aiko wani?"

"Ta ina? Gidan waya ba za su karɓa ba, ko sun karɓa zai dahu a hanya. Sai na zo Kirsimeti. Amma duk ranar da kika sami dama, ki cika biyun nan da hannunki, ki ɗiga asid, ki sa a firji. Ko irin ya sauya, jimillar ba ta zuwa ko'ina."

Prisca ta aiko da fakis na biyu, ta rubuta cewa samfurin an tace shi, don haka sakamakon farko ba ya nuna halin rijiyar. Malam Barau ya karanta sau biyu.

"Wannan ba ta ce akwai guba ba. Cewa ta yi ba ta sani ba. Ta farkon kuma tana Dutse da sa hannuna. In rubuta musu in ce me? Surukar ma'aikaciyata ta sa alif?"

A gida Munawwara ta ce wa Ismail a dawo da yarinyar.

"In je in ce wa Inna me? Ni na kai takardar. A gabana Yaya ya ɗaga ta a masallaci."

"Ka ce ba ta da lafiya."

"Ta fi mu lafiya, kin gan ta. Kuma ba a taɓa karɓe 'yar fari daga hannun kaka a gidanmu ba, sai dai in aure ya mutu. Haka za su fassara shi." Ya shafa fuska. "Inna ta yi shekaru tana sha. 'Yan watanni ne zuwa Disamba."

"Inna ba ta kai nauyin yarinyar nan kaɗan ba," in ji Munawwara. Ta san ta juya maganar, ƙanƙantar jikin yarinyar take nufi, amma ba ta gyara ba. Ismail ya gane.

Ta ɗauki hutunta na shekara. Ta sayi alif ƙulli guda a kasuwar Birnin Kudu, ta sa kwalaben biyu cikin jaka, ta hau motar Gwaram, daga nan ta hau ɗan acaɓa. Inna ta karɓe ta da mamaki, ta sa aka cika randar ɗaki.

Da yamma, bayan gaisuwa, Munawwara ta kalli tabarma ta yi maganar da ta shirya tun a mota.

"Inna, da za a riƙa ba yarinyar nan ruwan randar ɗaki."

Inna ta dube ta.

"Na baƙo? Tani baƙuwa ce a gidan nan?"

"A'a, Inna."

"Abin da nake sha shi take sha. Ranar da na ware mata ruwa, na ce ba tawa ba ce ke nan. Ko takardar Jamus ɗin ba ke kika sa aka kawo ba?"

"Ni ce, Inna."

Ba ta koma Birnin Kudu ba. Muddin tana gidan, za a ci gaba da cika randar. Duk lokacin da aka kawo mata ruwa a ƙwarya, sai ta kurɓa kaɗan ta ajiye a ƙasa kusa da ƙofa, ta juya baya tana tsintar wake ko tana linke zane. Tani takan shigo da wasa ta ga ƙwarya ta sha. Wani lokaci ba ta shigowa. Daga ɗaki Munawwara tana jin ƙarar moɗa a bakin tulun tsakar gida, da muryar Inna tana cewa, "Sha a hankali, uwar masu gida."

Hutun ya ƙare. Ismail ya zo ya tafi shi kaɗai. A zuwansa na biyu ya kawo mata takardar tuhuma daga ofis, ana tambayar dalilin rashin zuwa aiki. Ta karanta ta sa ƙarƙashin matashi. Matan gidan sun fara raɗa. Wata ta tambaye ta a gaban kowa ko gwamnati ta daina biyan albashi ne.

Wata safiya ba a kawo ƙwarya ba. Inna ta leƙo ɗakin da tulu a hannu, ta dire shi a bakin ƙofa.

"Baƙunta dai ta ƙare, 'yar nan. Kin zama 'yar gida. Randa ta huta. Ga tulu, kin san hanyar famfo."

Munawwara ta ce to. Ta ɗaura kwalaben biyu da robar asid a bakin zane, ta ɗauki tulun.

Wannan ne karo na farko da ta tsaya a wurin. Simintin ya yi ja inda ruwa ke zuba. Akwai layi: matan rugage da jarkoki, 'yan firamare da bokitai masu lambar aji. Da layi ya zo kanta ta tuƙa har ruwan ya yi sanyi a hannu, ta kwance bakin zane, ta tara kwalba ta farko a bakin famfon, ta ɗiga asid, ta rufe. Tana cika ta biyu ta ji inuwa a kanta. Hambali ne, zai fita da shanu.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba.

"Ba an riga an auna ba?"

Ba ta taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana.

"Wancan na randa ne, Yaya. An sa masa alif."

Ya tsaya yana kallon kwalbar, sannan ya kalli sunan da ke jikin simintin.

"Cika tulunki," in ji shi. "Mutane suna jira."

Ta cika. Bayanta wata yarinya ta tura bokitin aji uku ƙarƙashin famfon.

Ta ajiye tulun a ƙofar ɗakinta, ba a tsakar gida ba. Kwalaben ta naɗe su a tsumma mai laima. Da azahar za ta nemi ɗan acaɓa zuwa Gwaram, inda wata ma'aikaciyar rigakafi ta yi mata alkawarin gefe a firji. Ta fasa alif ɗin da ta zo da shi, ta kaɗa guntu a cikin tulun, ta cire, ta rufe. Sai ya kwana kafin a sha. Na jiya babu.

Tani ta taho da gudu daga wajen awaki, gumi a goshinta, ta nufi tulun tsakar gida ta kai hannu ga moɗa. Inna tana zaune a gindin turmi tana tankaɗe. Matan gidan biyu suna wanke-wanke.

Munawwara ta tsallaka tsakar gidan ta riƙe hannun yarinyar.

"Tani. Bari."

Tankaɗen ya tsaya. Yarinyar ta ɗaga kai ta kalli matar da ba ta taɓa kiranta ba, ta fara kuka tana miƙa ɗayan hannun wajen moɗa. Munawwara ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, ta je wurin ƙwaryar nonon da aka tatso da safe ta ɗebo mata a ludayi. Tani ta ture, ruwa take so.

Inna ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannuwanta a zane, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Matan suka ci gaba da wanke-wanke ba tare da sun ɗaga kai ba.

Munawwara ta koma ƙofar ɗakinta da yarinyar a kafaɗa, ta buɗe tulun ta leƙa. Ruwan ya yi fari-fari, lakar ba ta ko fara sauka ba. Ta mayar da murfin ta zauna a kansa. Tani tana ta kuka. A lokacin ko gero ba a fara yanka ba, Disamba da saura.